Ɗaurin kayan jirgin ruwa daga Kakuri yake farawa

(Laccar da wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ya yi wa 'yan kasuwa masu fitar da kaya a Kaduna. An rubuto ta daga faifai.)

Assalamu alaikum. Alhazai, iyayena da yayyena, na san wani zai ce ina ruwan mutumin Kaduna da teku. To, tun da aka buɗe tashar tsandauri ta Kakuri a Janairun 2018, teku ta iso mana har gida. Kwantenar da ka cika da cittar Kachia a nan, ka buga mata hatimi, haka za ta hau jirgi a Apapa.

Tafiyar jirgi ba irin ta tirela ba ce. Jirgi kwantawa yake dama, ya dawo hagu, ya ɗaga goshi, ya soka, dare da rana, har makonni. Shi ya sa ake kulle kusurwa huɗu na kowace kwantena da ta ƙarƙashinta, sannan a gitta sandunan ƙarfe a ja su tamau. Mukan zaga da safe mu ƙara murɗawa, don ƙarfe ma yana saki. Duk da haka, a Nuwamban 2020 jirgin ONE Apus ya zubar da kwantena sama da 1,800 a tekun Fasifik.

Amma fa mu waje muke ɗaurewa, ciki ba ma gani. Na taɓa kwana ina jin wani abu yana dukan bangon kwantena, gum, gum, kamar ana daka. Da aka sauke ta, ashe inji ne mai nauyin tan shida, an ɗaure shi da igiyar guga, wallahi irin ta rijiya. Ya tsinke ta, ya kumbura bangon kamar cikin akuya. Kaya irin wannan sarƙa yake so ko bel mai ƙarfi, a maƙala a zobban da ke ƙasan kwantenar, a tokare shi da katako ta kowane gefe. Ko buhuna ne, kada ka bar gurbi. Ɗan sarari a Kaduna, a teku filin gudu ne.

Sai maganar nauyi, wadda a nan ne wasunmu ke son wayo. Mai tsara lodi da takardarka yake aiki: mai nauyi ƙasa, marar nauyi sama. Ka rubuta tan goma alhali ashirin ne, sai a ɗora ta can ƙololuwa, ta danne na ƙasa. Bayan haɗarin jirgin MSC Napoli a gaɓar Ingila a 2007, an auna kwantenonin da ke kansa, aka tarar da yawa sun fi abin da aka rubuta. Tun Yulin 2016 doka ta hana a ɗora kwantenar da ba a tantance nauyinta ba.

Alhaji na can baya ya ɗaga hannu, kuɗin katako zai tambaya, na sani. Bismillah, Alhaji, a miƙa masa abin magana.