Furen wardi a Jos: yadda ake zaɓa, saye da raino

Assalamu alaikum, masu kallo. Wannan itaciya mai ƙaya da kuke gani a jikin katanga ita ce wardi, wadda masu sayar da fulawa a bakin titi suka fi kira ros, kuma kaɗan ne daga cikin garuruwan Najeriya take jin daɗinsu kamar Jos. Dalili shi ne tudu. Garin yana kimanin mita 1,200 sama da teku, don haka sanyin da ya sa dankalin Turawa da kabeji suke yin kyau a Filato shi ne yake ba furen wardi girma da kaurin launi. A wurare masu zafi ma tana rayuwa, sai dai furen yakan fito ƙanana, ya kuma koɗe da wuri. Ko a ƙasar Kenya, gonakin da ke aika wardi Turai sun taru ne a kan tudu, a kewayen tafkin Naibasha.

Akan ƙirga farkon wardin lambu na zamani ne daga wani fure da wani Bafaranshe mai suna Jean-Baptiste Guillot ya fitar a 1867, ya sa masa suna La France. Daga nan aka sami dangin da ake kira haibirid ti, masu fitar da babban fure guda a kan dogon reshe, kamar Mister Lincoln, ja mai ƙamshi wanda ya fito a Amurka a 1964. Akwai kuma dangin fuloribanda masu fure gungu-gungu, wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne farin nan Iceberg, da gidan Kordes na Jamus ya fitar a 1958. Sai masu hawa, waɗanda ke bukatar katanga ko danga. A ganina, sabon shiga ya fara da masu gungu, domin sun fi haƙuri da kuskuren mai su.

Sai dai idan kuka je wurin masu sayarwa, da wuya ku tarar da waɗannan sunaye a rubuce. Abin da za a ce muku shi ne ja, ko fari, ko ruwan hoda, sannan a miƙo muku wanda furensa ya fi buɗewa. To, a nan ne ake yin kuskure, domin fure kwana kaɗan yake yi ya zube, abin da za ku kai gida ku zauna da shi shi ne ganye da reshe da saiwa. Ku sunkuya ku dubi ganyen ƙasa tukuna. Idan akwai baƙaƙen ɗigo da rawaya a kewayensu, itaciyar ta riga ta kamu da cuta, kuma za ta kai wa sauran na gida. Ku juya ƙananan ganye da tohon fure ku ga ko akwai darɓa a manne. Ku nemi mai rassa biyu ko uku masu kaurin fensir, kore shar, ba mai sanda guda doguwa ba.

Sannan ku kama gindin da yatsa biyu ku ɗan motsa shi a hankali. Wanda ya yi saiwa zai riƙe ƙasar cikin ledar gam, wanda kuwa aka yanko reshensa kwanan nan aka soke da furensa a kai zai yi ta lilo. Ku ɗaga ledar ku dubi ƙarƙashinta: fararen saiwoyi 'yan kaɗan da suka leƙo alama ce mai kyau, amma idan babbar saiwa ta huda ledar ta shige ƙasa har sai an fizgo ta, dashen zai wahala. Idan kun ga wani kumburi kamar gwiwa a kusa da gindi, wardin ɗan aure ne, kamar yadda ake auren mangwaro. Duk reshen da ya tsiro daga ƙasan wannan gwiwa na uwar gindi ne, a cire shi tun yana ƙarami kafin ya cinye wanda kuka saya.

Game da ƙwayar irin shuka da ake tallatawa a intanet na wardi shuɗi ko baƙi ƙirin ko mai launin bakan gizo, ku riƙe kuɗinku. Wardi ba shi da sinadarin da ke ba fure launin shuɗi na gaskiya, wanda ake cewa baƙi kuma ja ne mai duhu. Ko irin wardi na gaske ne, abin da zai tsiro ba lallai ya yi kama da uwarsa ba.

Saboda haka ne nake cewa wardin da ya fi cancantar nema shi ne na gidan maƙwabci, wanda kuka gani da idonku ya ratsa damina biyu ko uku a unguwarku da ganyensa cif. Masu sha'awar wardi, ko a Rayfield suke ko a Bukuru, sun daɗe suna musayar rassa, kuma reshe kwafin uwarsa ne daidai. Ana yanko wanda bai daɗe da gama fure ba, tsawon santimita 20, a zare ganyen ƙasa a bar biyu na sama, a soke rabinsa cikin ƙasa mai yashi, a kife masa yankakkiyar gorar ruwa, a ajiye a inuwa. Cikin mako huɗu zuwa takwas yakan yi saiwa. Ba duka ke kamawa ba, don haka a soke goma, in ya so a raba waɗanda suka kama. A goge almakashi da sifirit kafin a wuce daga wannan lambu zuwa wancan, kuma a rubuta sunan gidan da aka samo reshen, tun da shi ne sunan da za a san shi da shi.

Wajen dasawa, farkon damina ya fi, wato ƙarshen Afrilu zuwa Mayu. A nemi inda rana ke samu aƙalla awa shida, musamman ta safe, a haƙa rami kimanin rabin mita faɗi da zurfi, a gauraya ƙasar da kashin shanu da ya ruɓe sosai, domin ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Inda ruwa ke kwanciya a tayar da kunya. A kuma yi shinge, saboda akuya ba ta tsoron ƙayar wardi ko kaɗan.

Babbar jarrabawa a Jos ita ce Yuli da Agusta, lokacin da ake wuni ana yayyafi. Cutar baƙin ɗigo dangin fumfuna ce, tana kama ganyen da ya ɗauki kimanin awa bakwai a jiƙe, feshin ruwan sama kuma shi ke ɗauko ta daga ganyen da ya zube ya mayar da ita sama. Don haka a bar tazarar kusan mita guda tsakanin itatuwa iska ta ratsa, a riƙa tsince ganyen da ya kamu har da na ƙasa a ƙone, ban ruwa kuma a gindi, da safe. Da hunturu sanyin ba ya yi mata komai, busasshiyar iska ce matsala. A ba ta ruwa mai yawa sau biyu a mako, a rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa ko karan acca, amma kada ya taɓa gindin, kuma a riƙa ɗagawa ana duba gara.

Tun da wardi ba ya barcin sanyi a nan kamar yadda yake yi a Turai, babban aski ya fi dacewa da ƙarshen rani, gab da saukar ruwa. Sauran shekara kuwa, duk furen da ya yi yaushi a yanke shi a karkace, a saman ganye mai 'ya'ya biyar wanda idonsa ke kallon waje. Daga wannan yanka zuwa sabon fure akan yi mako shida zuwa takwas, don haka wanda yake son lambunsa ya cika ranar Sallah ko ranar ɗaurin aure sai ya ƙirga mako bakwai baya daga ranar, ya ɗauki almakashi.