Sabon Shugaba, Tsohon Hali: Lacca Kan Gyaran Ƙungiyar Ƙwallo

An rubuto wannan daga faifan laccar da aka yi wa masu horarwa da shugabannin ƙungiyoyin ƙwallo a Sakkwato.

Assalamu alaikum. Ku matasa na can baya, ku matso, akwai kujeru a gaba, ba tara za a ci ku ba. Abu huɗu zan taɓa: kuɗi, iko, horo, sai yara masu tasowa.

In sabon shugaba ya karɓi kulob, me yakan fara yi? Ya kori koci, ya sallami rabin 'yan wasa, ya ɗinko sabuwar riga, a yi wa bas fenti. Bayan wata uku sai ka tarar ana makara atisaye yadda aka saba. An zuba sabon nono ne a ƙwaryar da ba a wanke ba.

To, kuɗi. Makon farko, shugaba ya zaunar da sakatare da akanta su rubuta bashin da ake bin ƙungiya, suna bayan suna: albashin wata nawa, ragowar kuɗin sa hannu, alawus na wasanni. Kuma kowa ya shiga, har direba da mai wankin riguna da mai tausa. Sannan a tara su a karanta musu. Ka ce, ba zan iya biya duka yau ba, amma daga wanga wata albashi zai shiga ranar 25, tsohon bashi kuma a raba shi huɗu. In ka ce 25, to 25 ce, ba 28 ba. Wata uku a jere ka cika, yara za su fara yarda da maganarka.

Me ya sa nake nanatawa? Ɗan wasan da ke bin albashin wata uku, ranar Juma'a da marece yana can yana buga wasan unguwa don ɗan abin cefane. Can zai ji rauni, ya ɓoye, ranar Lahadi a sa shi wasa a filin wasa na Giginya, minti ashirin ya zauna. Shi ne kuma mai sauraron wanda ke zuwa da ambulan ɗin cin hanci daren jajibirin wasa. Kai koci, ta yaya za ka ci tarar wanda ba a biya ba? Daga ina za ka cire? (Dariya.) Kuma doka na tare da shi. A ƙa'idar FIFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, in an riƙe wa ɗan wasa albashin wata 2, ya rubuto takardar gargaɗi ya ba da kwana 15, in ba a biya ba yana da ikon ɗaukar takalminsa ya tafi, kuma ya bi ku diyya.

Ban gama da kuɗi ba, ku yi haƙuri. Alawus na cin wasa: ku yanka abin da za ku iya biya cikin kwana biyu, ko kaɗan ne, kuma ta banki. Kuɗin hannu a ɗakin sauya kaya, kafin su kai ga mai tsaron gida na biyu an gutsire su sau uku. Babban mutum ya zo a hutun rabin lokaci ya yi alkawarin miliyoyi, ba a gani ba, wannan ya fi rashin alkawarin ɓarna.

Na biyu, iko. Wa ke fitar da sha ɗaya? Koci. Duk yaron da ya zo da takarda daga wane, a karɓe shi da mutunci, a sa shi gwaji na mako biyu tare da kowa. Shugaba kada ya zauna a benci, kada ya aiko saƙo ana tsakiyar wasa. Ya gana da koci ranar Litinin. Alex Ferguson ya karɓi Manchester United a Nuwamban 1986, ya tarar da shaye-shaye a cikin 'yan wasa, a 1989 ya rabu da Paul McGrath da Norman Whiteside duk da farin jininsu. Kofin farko sai 1990, gasar lig sai 1993. Mu nan da an kore shi tun kafin damina.

Na huɗu... a'a, na uku ke nan ko? Horo. Doka ta zama shafi ɗaya, a rubuta ta tare da kyaftin da manyan 'yan wasa biyu, kowa ya sa hannu. Wanda za a fara hukuntawa in ya makara, mai cin ƙwallon nan ne, ba yaron benci ba. Kuma ku duba rana. A Afrilu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, atisaye bayan Asuba ko bayan La'asar sakaliya. Ku auna nauyin yaro kafin da bayan atisaye. Duk kilo ɗaya da ya ragu, ya sha ruwa kamar lita ɗaya da rabi.

Na'am, ɗana, akwai tambaya?

Mai tambaya: Malam, duk wannan sai da kuɗi. Mu ƙaramar ƙungiya ce, ba mu da gwamnati a bayanmu. Ina za mu samo?

Madalla, zauna. Kuɗinku na jikin yaran da kuke renowa, kuna barin su suna tafiya ba takarda. Idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekarun 12 zuwa 15, kowace shekara rubu'in kashi ɗaya. Daga 16 zuwa sama, rabin kashi ɗaya. A ce yaro ya yi shekara huɗu a wurinku, 16 zuwa 19, daga baya aka sayar da shi yuro miliyan 2 a Turai: kashi 2 naku ne, yuro 40,000. Tun 2022 FIFA ke biyan irin wannan ta wani ofishi nata na musamman, kuma rajista take bi. Don haka kulob ɗinku ya yi rajista da hukumar ƙwallo ta jiha, kowane yaro a shigar da shi rajistar NFF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, da sunansa na gaskiya da shekarunsa na gaskiya, ku buɗe asusun banki da sunan kulob, ba sunan shugaba ba. An kira salla, sauran tambayoyi bayan Magariba.