Ulun Gidiyon: shin haka ake gane nufin Allah?

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku. Akwai wata addu'a da ta zama ruwan dare a bakinmu: "Ubangiji, in aikin nan nufinka ne, bari su kira ni kafin Jumma'a." Ko kuwa, "In ita ce matar da ka zaɓa mini, bari ta riga ni gaisuwa bayan sujada." Ka tambayi mai yin ta, sai ya ce ai Gidiyon ma ya yi.

Kafin mu je wurin Gidiyon, ga sauran matakan neman nufin Allah a gurguje, tun da ba su ne ke rikita mutane ba. Ka roƙi hikima, Yakubu 1:5. Ka duba ko Maganar Allah ta riga ta yanke hukunci a kan batun. In aikin ba ya yiwuwa sai da ƙarya ko cin hanci, magana ta ƙare, ba sai ka yi azumi a kansa ba. Ka nemi shawarar waɗanda suka girme ka cikin bangaskiya, Karin Magana 15:22, ba abokin da kullum amsarsa "haka ne" ba.

To, ga nassin: Littafin Mahukunta, sura 6, aya 36 zuwa 40, inda Gidiyon ya shimfiɗa ulu a masussuka yana roƙon alama daga Allah.  Sau biyu Gidiyon ya ce wa Allah, "kamar yadda ka faɗa." Ashe ya riga ya san abin da ake so ya yi. Tun a aya 14 aka ce masa ya je ya ceci Isra'ila daga hannun Madayanawa. Da idonsa ya ga wuta ta fito daga dutse ta cinye nama da gurasar da ya ajiye. Tsoro ne ya rage masa, shi ya sa da zai roƙi alama ta biyu sai da ya fara roƙon kada Allah ya yi fushi da shi. Haƙurin Allah da mai rauni muke gani a nan, kuma abin ta'aziyya ne ƙwarai. Amma babu ayar da ta ce mu riƙa yin haka.

Ku dubi alamar kanta. Daren farko ulu ya jiƙe, masussuka a bushe, har ya matse raɓa cike da kwano. Ulu kuwa dama yakan riƙe laima. Sai ya juya roƙon: ulu ya kwana a bushe, ƙasa duka ta jiƙe. Wannan ba mai iya yinsa sai Allah. Ku gwada shi da kiran waya kafin Jumma'a, abin da kan faru ko an yi addu'a ko ba a yi ba.

Nan ne ake yin tuntuɓe. Mu ne muke tsara alamar, kuma mukan karkata ta wajen abin da ranmu yake so. In ba ta zo ba, sai mu ƙara mako guda. In ta zo, sai mu daina jin shawarar kowa, don wai Allah ya yi magana. Ranar da abin ya lalace kuma, bangaskiyar mutum ce takan girgiza, a kan alkawarin da Allah bai taɓa yi masa ba. Wannan ne ya fi damuna.

Wani zai ce, ai ƙofa ta buɗe, kuma hankalina a kwance yake. Yunusa ya sauka Yafa, ya tarar da jirgi mai zuwa Tarshish, yana da kuɗin biya, har barci mai nauyi ya yi a ciki. Nineba kuwa aka aike shi. Bulus kuma ya sami buɗaɗɗiyar ƙofa a Taruwasa, 2 Korintiyawa 2:12 da 13, duk da haka ya wuce Makidoniya domin bai sami Titus ba.

Allah yana iya ba da alama, babu shakka. A Ayyukan Manzanni 16, an hana su Bulus wa'azi a Asiya, an hana su shiga Bitiniya, sa'an nan wahayin mutumin Makidoniya ya zo. Suna kan tafiya ya same su, ba su ne suka gindaya sharaɗi ba.

Ga abin yi a maimakon haka. Kafin ka durƙusa, rubuta amsoshin biyu a takarda, i da a'a, ka tambayi kanka ko za ka karɓi wadda ba ka so. In ba za ka iya ba, addu'arka ta fara daga nan. A Getsamani Yesu ya faɗi abin da yake so a fili, har sau uku, kowane karo kuma ya miƙa shi ga nufin Uba. In ka tarar duka hanyoyin biyu babu zunubi a cikinsu, masu shawara kuma ba su ga haɗari ba, sa wa kanka rana, ka zaɓi ɗaya, ka ce "in Ubangiji ya yarda" kamar yadda Yakubu 4:15 ya koyar, ka aika da takardar neman aikin.