Amsoshin Tambayoyinku: A ina taga za ta zauna a fuskar kwamfuta?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a wannan fili.

Wasiƙar farko ta fito ne daga wani ɗalibi mai koyon Python. Ya ce da Tkinter yake aiki, wato kayan aikin Python na ƙera tagogin manhaja, amma duk sanda ya kunna manhajarsa sai tagar ta ɓullo inda ta ga dama. Yaya zai zaunar da ita a tsakiya?

To malam, kwamfuta tana fara ƙirga fiksel, wato ƙananan ɗigon da suka haɗa hoton fuska, daga kusurwar sama ta hagu, nan ne sifili. Lamba tana ƙaruwa in ka yi dama, tana kuma ƙaruwa in ka gangara ƙasa. A ce faɗin fuskar 1920 ne, tsayinta 1080, tagarka kuma 800 da 600. Cire 800 daga 1920, ka raba ragowar biyu, ka samu 560. Haka za ka yi wa tsayin, ka samu 240. Sai ka miƙa wa geometry, umarnin da ke tsara girman taga da wurinta, "800x600+560+240". Amma don Allah kada ka kafe waɗannan lambobin a cikin manhajar, domin ba kowa ke da irin fuskarka ba. Tambayi winfo_screenwidth da winfo_screenheight su ba ka girman gaskiya. Idan kuma girman tagar kake son aunawa, fara kiran update_idletasks, in ba haka ba 1 Tkinter za ta ba ka.

Wata malama kuma ta rubuto cewa manhajarta tana tuna inda aka bar taga, to jiya mai amfani da ita ya cire fuska ta biyu, taga ta ɓace ɗungurungum.

Malama, wannan ya fi damuna, domin mutum zai zaci manhajar ce ta mutu, alhali tagar tana can a wurin da babu shi yanzu. A Windows, fuskar da ke hagu da babbar fuska ma lambobinta ƙasa da sifili suke. Kafin ki mayar da taga wurin da kika adana, duba ko yana cikin fuskokin da ke haɗe a lokacin. Idan ba ya ciki, dawo da ita babbar fuska.

Ki kuma sani, a Linux roƙo kawai kike yi. X11 da Wayland tsare-tsare ne na nuna tagogi a Linux. A ƙarƙashin X11 manhajar da ke kula da tagogi tana iya karɓa ko ta ƙi, Wayland kuwa ba ta barin manhaja ta zaɓar wa babbar tagarta wuri. A can sai ki adana girman kawai, ki bar mata zaɓin wurin.

Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.