Hanci a Karin Maganar Turanci

Assalamu alaikum masu kallo. Idan Bahaushe ya ga mutum yana shiga abin da bai shafe shi ba, yakan ce ya tsoma baki, amma Bature a daidai wannan wuri hanci yake ambata, domin shi ne gaɓar da take riga sauran fuska isa ko'ina. Shi ya sa "poke your nose into" yake nufin shisshigi, kuma mutumin da ba ya barin sirrin maƙwabta ya kwana ake kiransa "nosy". Ɗalibin da ya ɗauki kalmomin ɗaya bayan ɗaya zai zaci maganar shaƙar ƙamshi ake yi, alhali kuwa tsawatarwa ce.

A wani wurin harsunan biyu suna haɗuwa. Mu mukan ce wane yana hura hanci idan girman kai ya kama shi, su kuma suna cewa "turn up your nose at", wato raina abin da aka miƙo maka. Ku ɗauki misalin baƙon da aka ajiye wa kwanon abinci, ya buɗe murfin, ya ɗan ɗaga kai ya yamutsa fuska, sannan ya mayar da murfin ba tare da ya taɓa ba. Wannan motsin fuskar shi ne karin maganar gaba ɗaya.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne "lead by the nose", domin duk wanda ya taɓa ganin manomi yana jan ƙaton sa da igiyar da aka zura masa a hanci ya riga ya fahimci ma'anarsa. Dabbar ta fi mai ita ƙarfi nesa ba kusa ba, amma zafin igiyar ya sa take binsa duk inda ya nufa. Haka ake kwatanta mutumin da wani yake juya shi yadda ya ga dama, kamar yadda mu muke cewa an riƙe akalarsa. Maganar tsohuwa ce, domin tana cikin wasan kwaikwayon Othello na William Shakespeare, wanda aka rubuta a farkon ƙarni na 17, inda wani soja mai suna Iago yake alfaharin cewa zai ja ubangidansa Othello ta hanci kamar jaki.

Akwai kuma "cut off your nose to spite your face", wato ka yanke hancinka don ka ƙuntata wa fuskarka, wanda ya kamata a tsaya a kansa. Ma'anarsa ita ce mutum ya cuci kansa don ya huce haushin wani, kamar ɗan kasuwar da ya ƙi sayar wa abokin gabarsa tumatir, har ya ruɓe a kwando. Hikimar tana cikin cewa hanci da fuska abu ɗaya ne, kuma mun san wannan sarai, tunda mukan ce abin da ya taɓa hanci, ido kan yi ruwa.

Sauran ba su da wuyar ganewa. "Pay through the nose" yana nufin biyan kuɗi mai tsadar gaske, "under your nose" kuma abin da ya faru a gabanka ba ka lura ba, sannan "win by a nose" ya fito daga tseren dawaki, inda dokin da ya riga zura hancinsa a layin ƙarshe yake cin nasara da ƙyar.

Sai dai a yi hattara da "on the nose". A Amurka yana nufin daidai, babu ragi babu ƙari, kamar wanda ya iso ƙarfe 8 cif, amma a Ostareliya ana faɗarsa ne ga abin da yake wari.