Me Ya Sa Ba A Tone Su A Huta Ba?

[Hoto: tuddan ƙasa a fili]

Waɗannan tuddai da kuke gani ba suri ba ne, ba kuma juji ba ne. Kaburbura ne. Nan Durɓi ta Kusheyi ke nan, a ƙaramar hukumar Mani ta jihar Katsina.

Tun da hotunan nan suka fara yawo a WhatsApp, tambayar da 'yan Kano ke turo mana ɗaya ce: in dai akwai zinare a ciki, me ake jira? A tone, a zuba a gidan tarihi irin namu na Gidan Makama, kowa ya huta.

A gurguje: Bature Palmer ya fara haƙa a 1907, zamanin Sarkin Katsina Dikko. A 1959 aka sa wasu daga cikinsu a jerin wuraren tarihi na ƙasa. A 1992 masana daga Jamus suka sake haƙa. An sami kayan ado na zinare, wuri, tsakiya da kwanon ƙarfe ƙirar Gabas ta Tsakiya.

To, a nan masu cewa a tone kawai suke kuskure. Ku dubi hannun masanin da ke haƙa. Buroshi ne fa, ba diga ba. Shi ba kwanon ne ya dame shi ba, inda kwanon ya kwanta yake so ya sani. A gefen kai ne ko wajen ƙafa? Me ke ƙarƙashinsa? Wannan baƙin abu da za ka kaɗe da hannu, ƙila guntun zane ne ko fata, kuma irinsa ake kai wa awon kabon a gane shekarun kabarin. Shi ya sa wani lokaci ake ɗauke abu da ƙasarsa gaba ɗaya, sai an je ɗakin bincike a buɗe. Mai haƙa a ɓoye da dare kuwa? Ya fizge kwanon, ya wanke shi tas da omo. Shi ke nan, ya koma kayan gwangwan, babu mai iya cewa na wane ne, na yaushe ne. Kuma kabari sau ɗaya ake tone shi.

Doka ma ta hana haƙa ba da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ba.

Ni dai a ganina, mu Kanawa bakinmu da nauyi a wannan magana.

[Hoto: badala]

Ga badalarmu nan. Ku dubi inda aka kwashe ƙasa aka yi gini.