Fatalwar da ta biyo fiyano har Pitsbag

Bawa ɗaya da rabi. Farashin da aka sayi fiyanon ke nan a wasan kwaikwayon The Piano Lesson na August Wilson, baƙar fatar Amurka, wasan da ya ci lambar Pulitzer a 1990. Ɗayan uwa ce, rabin kuma ɗanta ƙarami.

Da uwargidan Sutter, mai bayin, ta fara kewarsu, sai aka sa mijin baiwar da aka bayar, wanda masassaƙi ne, ya sassaƙa fuskokinsu a jikin fiyanon. Shi kuwa bai tsaya nan ba, ya zuba tarihin gidansu kaf a katakon: aure, haihuwa, jana'iza, har da ranar da aka raba shi da iyalinsa.

Labarin na faruwa ne a birnin Pitsbag a 1936. Boy Willie, tattaɓa-kunnen masassaƙin, ya taso daga Misisipi da mota shaƙe da kankana, yana son a sayar da fiyanon ya sayi gonar da kakanninsa suka yi bauta a cikinta. Yayarsa Berniece ta ce sam. Ba ta kaɗa shi, ba ta kuma yarda a raba ta da shi, domin a kansa aka ƙona mahaifinsu cikin taragon jirgin ƙasa a 1911, bayan ya ɗauko shi daga gidan Sutter.

To, sai ga fatalwa a saman bene. Kuma ku lura, ba ta kakanninsu ba ce. Ta jikan Sutter ce, wanda ya faɗa rijiya ya mutu, ya biyo abin da har yanzu yake ganin kayansa ne. Nan, a ganina, Wilson ya nuna gwaninta. Bayi ba su bar takardar gado ba, don haka shari'ar da kotu ba ta taɓa saurara ba, sai ya kawo ta falo, mai ƙara kuma matacce.

Fasto Avery ya yi addu'a, ya yayyafa ruwa, fatalwa ko gezau. Boy Willie ya hau bene yana kokawa da ita. Sai Berniece ta zauna a gaban fiyanon, ta kaɗa, tana kiran iyaye da kakanni da sunayensu su kawo ɗauki. A nan Sutter ya fita.

Boy Willie ya haƙura da cinikin, amma kafin ya tafi ya gargaɗe ta: in ta daina kaɗawa, da shi da Sutter duk za su iya dawowa.